Jirgin Yaya Gwadabe a Kwanar Dutse

Duk wanda ya saba bi ta Terminus a Jos ya san Yaya Gwadabe, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mutumin nan mai ɗan tebur na gilashi kusa da masu sayar da lemo, da tabarau mai ido ɗaya maƙale a fuska, yana leƙen cikin agogo. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Maijidda, autarsu, ina ɗinki a Tina Junction, kuma tun yanzu in gaya muku ba ni da haƙuri, don kada a ce ban faɗa ba.

Da can yana da shago a cikin babbar kasuwa. Gobarar 2002 ta lashe shi ƙurmus, abin da ya fita da shi tabarau ɗin nan ne da matsefata guda a aljihu. Ya koma bakin titi da tebur. Bayan nan kuma waya ta shigo, kowa ya daina ɗaura agogo, sai tsofaffi da angwaye. Yaya ya samu lokaci mai yawa, shi kuwa hannunsa ba ya zama haka nan, sai gidanmu ya shiga uku.

Halinsa ɗaya ne, ba ya son ganin abu yana girgiza. Duk abin da ya yi ɗan motsi inda ba a ce ya motsa ba, a wurinsa lalatacce ne. Marfin tukunya, ƙafar kujera, hannun buta, duk sai ya ɗaure su tamau. Wata rana ya zo shagona ya ji keken ɗinkina yana ɗan ƙara, na fita sayen zare, kafin in dawo ya gyara mini shi. Wallahi na taka da ƙafa biyu bai juya ba, ga ɗinkin biki a gabana! Na yi masa faɗa har maƙwabta suka leƙo, shi kuwa cewa yake, "Amma ai yanzu ba ya ƙara." Gaskiya ne, ba ya ƙara, tunda ba ya komai.

Mahaifinmu, Malam Hamman, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Kakanmu shanu yake kawo wa masu haƙar kuza, ya zauna a Jos, Baba kuwa ya ƙi sanda ya bi jirgin ƙasa. Shekara goma sha tara yana fayaman, wato mai zuba kwal a cikin wutar kan jirgi, yana jiran ranar da za a ce ya zama direba. Layi ya kusa zuwa kansa ke nan aka kawo jirage masu shan dizal, aka ajiye masu tururi suka yi tsatsa. Bai taɓa tuƙa jirgi ba ko sau ɗaya. Ba ya kuka da wannan, amma in ya fara labarin cikin kan jirgi sai ka ga ya gyara zama. Yakan ce wuri ne da babu ɗan aike, ga zafi ga ƙara, in direba yana son wuta sunanka zai kira da ƙarfi, kai kuma ka zuba. Yanzu shekarunsa tamanin da huɗu, idanu sun tafi, amma kunne, tabɗijam! Daga ɗakinsa yake sanin wanda ya buɗe gwangwanin madara.

To ga inda matsalar take. Yaya ɗan fari ne, Baba kuwa Bafulatani ne na da, mai kunyar ɗan fari har ta wuce misali. Sunan yankan Yaya Abdurrahim, kakarmu ce ta sa masa Gwadabe, amma ko ɗaya a cikin biyun bai taɓa fitowa daga bakin Baba ba. Sai dai "wancan", ko "mai agogo", in ran ya yi daɗi sosai "yayanku". Ba ya yaba masa, ba ya tambayarsa kai tsaye. Suna zaune a tabarma ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa, sai ka ji Baba ya ce, "Maijidda, gaya wa wancan ya miƙo mini buta." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, an ce ka miƙo buta." Shi kuma ya ce, "Ce masa ga ta." Tun ina 'yar shekara shida nake wannan aiki, yanzu ina da jika, ba a taɓa ba ni hutu ba.

Shekara huɗu da suka wuce Yaya ya fara ƙera wani ɗan jirgin ƙasa. Ba jirgin batir na yara ba, a'a, na tururi, na gaske, sai dai tsawonsa bai wuce hannun mutum ba. Tukunyar ruwansa daga bututun jan ƙarfe ya yanko ta, abokinsa Cletus, mai walda a Daɗin Kowa, ya liƙe masa. Sauran kuwa, duk tagullar da ke gidan ta ga ta kanta. Matarsa Maimunatu ta tashi da safe ta tarar kan famfo ya ɓace. Bayan sati biyu ƙaramin cokalin shayinta ya bi shi, wai shi ne shebur ɗin zuba gawayi. Ƙafafun jirgin manya guda shida, uku a kowane gefe, wata goma sha ɗaya ya yi yana goge su. Kowace da ɗan leɓe ta ciki wanda ke riƙe ta a kan layi, kuma ko ka sa tabarau ɗinsa ba za ka bambanta ɗaya da 'yar'uwarta ba.

Sannan ya shimfiɗa layi a tsakar gida, siraran ƙarafa biyu a kan 'yan gutattakin katako. Daga ƙofar kicin zai tashi, ya bi jikin katanga, ya zagaya, ya tsaya a ƙofar ɗakin Baba. Ya yi masa tarago guda, mai rami daidai gindin kofi. Da na tambaye shi na mene ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Shayin safe." Mutumin da ba zai iya ce wa ubansa ga shayi ba, shi ne ya ƙera jirgi sukutum don ya kai masa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya kuma na shiga banɗaki na share hawaye, don abin ya taɓa ni.

Sai dai gidanmu gidan Jos ne, akwai dutse a tsakiyarsa. Ƙato ne, ya kai ƙirjina, a kansa muke shanya barkono tun muna yara. Tsakaninsa da rijiya 'yar hanya ce matsattsiya, kuma dole ta nan layin zai bi, ya karya kwana mai tsanani kafin ya miƙe zuwa ƙofar Baba. Ita muka sa wa suna Kwanar Dutse.

Ranar da aka fara hura wuta ba zan manta da ita ba. Gawayi ƙanana kamar gyaɗa, an jiƙa su da kananzir, Yaya na durƙushe yana fifita da murfin kwano. Can sai tukunya ta fara waƙa. Ya ja wata 'yar igiya, jirgi ya yi "fiiiit!", kajin Maimunatu suka watse. Ya tura ɗan hannun da ke buɗe tururi, sai ga abu ya motsa da kansa, caf, caf, caf-caf-caf, yana fesa farin tururi ta gefe. Jama'a! Ni da nake cewa wasan banza ne, ni ce na fara guɗa. Cletus ya cire hula yana ihu, "Oga Gwadabe, ka kashe ni! Ka kashe ni!" Maimunatu ta manta da kan famfonta tana bin jirgi a guje da ludayi a hannu.

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Baba. "Maijidda, wa ke ƙona man inji a gidan nan?" Kafin in amsa, jirgin ya sake busa usur.

Jirgi ya bi katanga lafiya lau, ya iso Kwanar Dutse, ya shiga, ya yi wata ƙara ƙiiii, ƙafar gaba ta hau kan layi, ya kwanta a gefensa, kofin tangaran ya tarwatse a jikin rijiya. Muka tsaya cirko-cirko. Sai muryar Baba ta sake fitowa: "Gaya wa wancan jirginsa ya faɗi."

Daga ranar aka shiga yaƙi da kwana. A hankali aka gwada, ya cije ya tsaya cak yana huci. Cletus ya ce, "Oga, matsala shi ne kana ba shi lokaci ya yi tunani. Ba shi wuta, zai wuce kafin ya sani." Aka ba shi wuta. Ya zo a guje, bai ko kalli kwanar ba, ya miƙe ya faɗa cikin robar waken da Maimunatu ta jiƙa za ta yi alala, ya yi "cuuu", hayaƙi ya tashi. Ran nan da ɗan ɗanɗanon gawayi muka ci alala. Aka shafa wa layi man gyaɗa, ƙafafu suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, ga tururuwa ta yi gayya. Aka ɗaura masa kwaɗon ƙofa a gaba don nauyi, ya faɗi tare da kwaɗon. Bayan kofi na bakwai Maimunatu ta kulle tangaran ɗinta a kabad ta miƙo kofin silba, ta ce, "Malam, wannan ko daga sama ya faɗo sai dai ya lotsa."

Har dutsen aka so a fasa. Cletus ya zo da babbar guduma, ya tofa yawu a hannu, ya doki dutsen sau uku, a na huɗu ƙotar ta karye kan gudumar ya tashi ya faɗa rijiya. Baba ya ce in gaya musu dutsen nan ya riga kakanmu zuwa gidan, wanda ya sake taɓa shi su biyu ne.

Shi kuwa Yaya, duk faɗuwa ɗaya sai ya sa tabarau ya ɗauko ma'auninsa. A tunaninsa wani wuri ne ya yi sako-sako. Sai ya ƙara matse layin a kwanar har ya zama daidai da faɗin ƙafafu, ko gashi ba zai shiga tsakani ba, ya ƙara ɗaure sandunan ƙafafun. Kullum yana ƙara gyarawa, kullum jirgi yana ƙara saurin faɗuwa. Haka muka kwashe kusan shekara, har Baba ya riƙa sanin lokaci da shi. In ya ji ƙiiii da ƙarar kofi sai ya ce, "To, bakwai da rabi ta yi, a kawo mini shayina da ƙafa."

Muna cikin wannan raha ƙirjin Baba ya matsa masa. Tari ya ƙi tafiya tun ruwan Agusta. Likita ya ce a fili, sanyin Jos ba nasa ba ne kuma, in ana son a daɗe da shi a kai shi inda ke da ɗumi kafin sanyin ƙarshen shekara. Ɗan'uwanmu Ahmadu, mai bin Yaya, yana Kaduna, ya ce zai zo ranar Asabar da mota ya ɗauke shi. Ba wanda ya faɗa, amma duk mun sani, tsoho mai shekara tamanin da huɗu in ya tafi irin wannan tafiya ba lallai ya dawo ɗakinsa ba. Saura kwana shida, kuma Baba bai taɓa shan kurɓi ɗaya daga jirgin nan ba.

Yaya ya rufe teburinsa na Terminus. Tun safe yana durƙushe a kwanar har gwiwoyin wandonsa suka huje. Ranar Laraba na same shi na ce, "Yaya, don girman Allah, ga mutumin da ya yi shekara goma sha tara a cikin jirgi, taku goma daga nan. Ka kai masa ya duba mana."

Ya zaro ido. "Ni? In kai masa abin da bai yi ba? In ya yi dai ya gani."

"Da wane idon zai gani?"

Bai kula ni ba. Na wuce wurin Baba na ce, "Baba, ka san abin da ke damun jirgin nan ko?" Ya gyara bargo ya ce, "Ba a tambaye ni ba." Na ce to ga shi ina tambaya. Ya ce, "Ke kika ƙera?" Kai! Na fito ina huci, na ce wa Maimunatu mutanen nan biyu za su sa mini hawan jini, ta ce in yi haƙuri, na ce ba ni da shi.

Ranar Juma'a, da suka dawo daga masallaci, Yaya ya shiga ɗaki cire babbar riga. Jirgin na ajiye a kan benci, ba wuta. Na cire ɗankwalina na naɗe shi, nauyi kamar jaririn wata shida, na ɗauka na shiga ɗakin Baba na dire masa a cinya. Na ce, "Ga shi. Ni na kawo, ba wanda ya aiko ni, wanda zai yi fushi ya yi da ni." Sai ga Yaya a bakin ƙofa da hula a hannu, fuskarsa kamar an kama shi da satar nama. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

Baba ya ɗora hannu. Ya fara daga bututun hayaƙi, ya shafa tukunya, ya gangaro. Leɓensa na motsi, yana kiran sunan kowane abu a hankali. Ya sami 'yar ƙofar wuta ya buɗe ta da farce, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya daɗe a nan. Sannan ya kifa jirgin, ya kama ƙafafun ya juya su, suka juya sumul. Ya tura su gefe, ko alama. Ya sake turawa da ƙarfi. Sai ya fashe da dariya, dariyar da ta tayar masa da tari har na kawo ruwa.

"Maijidda," ya ce, "tambayi wancan, agogo ya ƙera ko jirgi?"

Na juya. "Yaya, an ce agogo ka ƙera ko jirgi?"

"Ce masa komai daidai yake da awo."

"Na ji shi," in ji Baba. "Shi ne ciwon." Ya miƙa yatsu uku ya jera su a kan cinyarsa. Ya ce ƙafafu uku a jere suke, sandar jikinsu ba ta lanƙwasa, layi kuwa a kwana ya lanƙwashe. Ta gaba na son nan, ta baya na son can, ta tsakiya ina za ta sa kanta? In ba a bar mata wuri ba, sai wata ta hau layi. Ya ce a zamaninsu in kwana ta yi tsanani, masu gyaran layi ɗan buɗa ta suke yi da gangan. Kuma akwai kawunan jirgin da ya sani, ƙafafunsu na tsakiya ba su da leɓe sam, sumul suke, don su samu su ɗan zame. "Gaya masa ya goge leɓen na tsakiya biyu. Ya sassauta sandunan su riƙa ɗan wasa. Layin kuma a kwana ya buɗa shi kaurin tsinken ashana."

Yaya ya manta da ni gaba ɗaya. "Ashana?" ya ce da bango. "Ashana ai ba ma'auni ba ce! Wata ta fi wata kauri!"

"Gaya masa ya zaɓi mai ƙiba."

Wayyo, na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na ce, "Yaya, ka tuna kekena? Ka tuna? Shekara tara ina jiran ranar nan!"

Amma da ya zauna a gindin dutse da magagari, dariyar ta tsaya mini. Wata goma sha ɗaya ya yi a kan ƙafafun nan. Ya riƙe ta farko ya juya ta a rana, leɓen na ƙyalli, ya daɗe bai sa mata ƙarfe ba. Da ya fara gogawa garin tagulla na zuba a kan wandonsa, na ga hawaye na bin gefen tabarau ɗin. Ya ce ƙura ce ta shiga masa ido, na ce haka ne. Kafin la'asar sakaliya ya gama. Muka kamo Baba ni da Maimunatu muka kai shi kwanar, ya durƙusa da ƙyar, ya sa tsinken ashana tsakanin ƙafa da layi yana bi taku-taku, yana cewa nan a buɗa, nan ya isa, Yaya na binsa yana sake kafa ƙusoshi. Yaya ya so a gwada nan take, Baba ya ce a'a, jirgin shayi da safe yake tashi.

Asabar tun bakwai Ahmadu ya iso. Mutum ne mai sauri, ya zuba kayan Baba a but, ya bar mota a kunne, yana cewa yana son su wuce kafin rana ta yi. Cletus ya zo da rigar coci ranar da ba Lahadi ba. Matan maƙwabta sun cika zaure. Maimunatu ta buɗe kabad ta fito da kofin tangaran na ƙarshe, mai zanen fure, ta cika shi da shayi mai kauri ta ajiye a tarago, ta ce in ya fashe ya fashe.

Wuta ta kama, tukunya ta fara waƙa. Yaya ya miƙa hannu zai buɗe tururi, sai ya janye. Ya share gumi, ya ce, "Maijidda, gaya wa Baba jirgin nan ba shi da direba."

Na isar da saƙo. Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa cikin rigar tafiya, ya yi kamar bai ji ba. Can ya ce, "A kai ni." Ni da Ahmadu muka ɗauke shi da kujerarsa ta roba muka kai shi ƙofar kicin. Yaya ya kama yatsansa, ban taɓa ganin ya taɓa hannun Baba ba sai a gaisuwar Salla, ya ɗora shi a kan ɗan hannun tururin. Baba ya karkata kai yana sauraron tukunya. Ya ce ba yanzu ba. Muka jira. Ahmadu ya duba waya. Baba ya ce, "Bismillahi," ya ja igiyar usur, ya tura hannun kaɗan, ya ƙara ɗan kaɗan, ya saki.

Caf. Caf. Caf-caf-caf. Jirgi ya kama hanya.

"Ku ɗauke ni!" in ji Baba. "Ku mayar da ni tasha, fasinja zai riga ni!"

Muka sunkuci kujera muka yanke ta tsakar gida a guje, Ahmadu na tuntuɓe da takalmansa masu tsini, Baba na sama yana riƙe da hula yana cewa mu yi sauri, kaji na tsalle, Cletus na bin jirgi a tsugune yana roƙonsa, "Abeg, ɗan'uwa, abeg, yau kawai!" Muka dire Baba a ƙofarsa daidai lokacin da jirgin ya kai bakin Kwanar Dutse. Ya shiga. Ya yi 'yar ƙara, ba irin ta da ba, ya girgiza ƙugu, na ga ƙafafun tsakiya sun zame gefe sun dawo, shayi ya yi tangal-tangal ya zubo kaɗan a jikin kofi. Sai ga hancinsa ya ɓullo ta bayan dutse yana fesa tururi.

Ban san wa ya fara ihu ba. Maimunatu ta rangaɗa guɗa, matan zaure suka amsa, Cletus ya rungumi rijiya. Ahmadu mai sauri yana tsalle yana "Ya wuce! Wallahi ya wuce!" da takalmi ɗaya a ƙafa. Yaya ya riga jirgin isowa, ya durƙusa ya rufe tururi, tarago ya tsaya daidai babban yatsan ƙafar Baba.

Baba ya laluba ya ɗauki kofin. Ya hura, ya kurɓa, ya sake kurɓa. Muna ta kallon bakinsa. Ya ce, "Sukari ya yi kaɗan." Maimunatu ta ce, "Baba, likita ne ya hana." Ya shanye tas, har da ɗaga kofi.

Ahmadu ya nemo takalminsa ya ce, "To Baba, alhamdulillahi, sai mu kama hanya." Baba bai motsa ba. Ya sauke hannu ya shafa bayan jirgin, ya karkata kai yana saurare. Na san wannan karkata kan, saƙo ke tafe, har na matso na gyara tsayuwa ina jiran in ji "Maijidda, gaya wa wancan."

"Abdurrahim," in ji Baba, da ƙarfi, yadda ake kira a cikin ƙara. "Wutarka ta yi ƙasa. Zuba."

Na dubi Ahmadu, Ahmadu ya dube ni. Yaya na durƙushe da cokalin shayi cike da gawayi, shekararsa hamsin da shida, cokalin ya suɓuce daga hannun nan da ke ɗaukar allurar agogo, gawayin ya zube a ƙasa. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ya buɗe 'yar ƙofar wuta ya zuba.

"Na zuba, Baba," ya ce.

"Ƙara ɗaya."

Ahmadu ya fita, muka ji ya kashe mota. Sai bayan azahar suka tashi. Sau goma sha ɗaya muka ɗauki kujerar nan muka kai muka dawo, Baba ya sha shayin da likita bai san da shi ba, ni kuwa bayana ya yi sati yana ciwo.

Yaya ya koma teburinsa na Terminus, yana nan in kuna da agogo. Amma kafin ya fita, bakwai da rabi, sai ya hura wa jirgin wuta ya kira Baba a Kaduna, ya ajiye wayar a kan dutse. Rannan na kwana a gidan, na ji su da safe, Baba na faɗa ta cikin waya wai an buɗe tururi da yawa, Yaya na cewa ba a buɗe ba, Baba na kiran sunansa yana cewa da kunnensa ya ji. Na tsaya a bakin kicin da buta a hannu ina jira ko za a neme ni. Har suka gama ba wanda ya ce Maijidda.